Gyaran da Auta Ya Ɓoye

Shekara uku ƙanena yana karatun lauya a falona a nan ƙasar waje, a kan teburin da muke cin abinci, amma sai da ya kusa gamawa na gane ashe ban san abin da yake karantawa ba. Ni dai na ɗauka abin a miƙe yake kamar nawa. Na karanta aikin jinya, na ci jarrabawa, aka ba ni farar riga, na shiga asibiti. To shi ma Auta, a lissafina, zai gama, a ɗora masa farar hular nan mai kama da gashin tunkiya, ya tsaya gaban alƙali yana ɗaga yatsa. Haka Mama ma ta ɗauka, ita da ke can gida tana jiran hoto. Har gurbi ta ware masa a bangon falonta, tsakanin agogo da hoton marigayi Babanmu.

Wata rana ya dawo daga makaranta bai ko cire jaka ba ya zube a kujera. Ina yanka albasa na leƙo, na ga ya yi tsuru yana kallon ƙafar tebur.

"Lafiya, Auta? Ka faɗi jarrabawa ne?"

"Ina ma ita ce, Yaya. Ni na zo na ɗaya."

"To mutuwar wa aka yi?"

Sai ya fara bayani, ni kuma kaina ya fara ɗaukar zafi. Wai a ƙasar nan digiri ba ya mayar da mutum lauya. Sai wani ofishin lauyoyi ya ɗauke ka koyon aiki. Wai kuma ofisoshin ba sa jira ka gama, tun kana shekara ta biyu suke zaɓen waɗanda za su fara aiki bayan shekara biyu. Tarurrukan yamma da ake ta gayyatar ɗalibai, ana tsaye ana shan lemo ana surutu da manyan lauyoyi, ashe nan ake cinikin. Shi kuwa bawan Allah duk lokacin da aka yi irin taron sai ya ce ɓata lokaci ne, ya wuce laburare. Abokan karatunsa da ba su kai shi maki ba duk sun san inda za su, shi mai na ɗaya bai san ko ƙofa ɗaya ba. Abin da ya fi tsinka min zuciya shi ne na ƙarshe: izinin zamansa na ɗalibi ne, yana gama karatu da 'yan watanni zai ƙare, in babu ofishin da ya tsaya masa sai ya haɗa kaya.

Na ajiye wuƙa na ce, "Wane irin tsari ne wannan, a ɗauki mutum aiki kafin a san ko zai ci jarrabawa?"

"Haka suke yi."

"Kuma babu wanda ya faɗa maka?"

"Kowa ya ɗauka na sani, Yaya. Ni kuma ban tambaya ba."

Washegari na nemi canjin aiki a asibiti na bi shi ofishin mai ba ɗalibai shawara. Wani ɗan siririn mutum ne mai saurin magana, ɗakinsa ƙarami, da farin allo a bango da tukunyar fure da ta daɗe da sallama da duniya. Ya dube ni ya dubi Auta, da alama ba a saba zuwa masa da babbar yaya ba, amma ya jawo min kujera. Ya ɗauki alƙalamin allo ya shiga zana kibiyoyi. Wannan ta yi sama, waccan ta yi gefe, wata ta zagayo ta koma inda ta fito.

Ya ce lauyoyi iri biyu ne a nan. Akwai na kotu, masu tsayawa gaban alƙali. Akwai na ofis, waɗanda mutane ke zuwa wurinsu kai tsaye, su ba da shawara, su rubuta yarjejeniya, su tsara cinikin gida ko na kamfani. Ƙanena na ofis yake nema. Zai yi manyan jarrabawa guda biyu, ya kuma yi shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin cikakken lauya wanda zai shaida cewa ya ga aikinsa da idonsa. Kuma da yake baƙo ne, ba kowane ofishi ba ne ke da damar nema masa izinin zama.

Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. "Malam, a cikin biyun wanne ne mai hula?"

"Wace hula?"

"Farar nan."

Ya yi murmushi. "Wancan ne, na kotu. Ƙanenki ba zai sa ta ba."

Na juya na dubi Auta. Ya sunkuyar da kai yana gyaran maɗaurin agogo. Nan na gane ya daɗe da sani.

"Mama fa?" na tambaye shi a hankali.

"Ban so in ɓata mata lissafi ba ne, Yaya."

Mai shawara ya ce manyan ofisoshi duk sun rufe. Amma akwai wani matsakaici da wanda suka ɗauka ya janye, gurbi ɗaya ya buɗe, kuma suna iya tsaya wa baƙo. Za su gwada ɗalibai biyu na mako biyu su zaɓi ɗaya. Zai tura sunan Auta. Da muka miƙe ya raka mu bakin ƙofa, ya ce masa, "Makinka ba shi ne za su duba ba, sun riga sun gani. In ba ka gane abu ba, ka tambaya. In ka ga abu, ka faɗa." Auta ya ce "to", idonsa a ƙasa. Wannan "to" ɗin na san ta tun yana yaro, ita yake ba malamin makaranta, ita yake ba likita, ita yake ba Mama ko da bai ji abin da ta ce ba.

A bas ina ta ƙoƙarin tuna kibiyoyin nan, suka cakuɗe min. Da Baban yara ya dawo daga tuƙi na ce bari in yi masa bayani, ina kaiwa jarrabawa ta biyu na ɓace. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, "Wato dai lauya ne amma ba lauya ba." Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Sau ɗaya na shiga ofishin, ranar da Auta ya manta gilashinsa a kan firji. A saman wasu shaguna yake, ka hau siririn bene mai kafet da tsakiyarsa ta cinye. A hawa na farko akwai dogon ɗaki mai tebura a jere, fayil-fayil jibge har kan taga, da injin buga takarda da ke tari kafin ya tofo kowane shafi. A lungu akwai wurin dafa shayi, kowa da kofinsa, shi ya sa Auta ma ya tafi da nasa daga gida. An ba shi tebur kusa da ƙofa, inda iska ke dukan mutum duk wanda ya shigo. A hawa na biyu babbar lauyar take, ita ce za ta yanke hukunci. A gidanmu Ta Sama muke ce mata.

Na gan ta tana saukowa, mace mai furfura, sa'ar Mama ko ta ɗan girme ta, gilashi rataye a wuya da igiya. Abin da ya ɗaure min kai, kowa a ofishin gatsal yake kiran sunanta, har mai amsa waya. Auta ya ce ranar farko ta ce masa shi ma ya kira ta haka. Ya gwada, sunan ya maƙale masa a wuya. Daga nan ya koma dabara, in yana son magana da ita sai ya tsaya inda za ta gan shi ya yi gyaran murya.

Abokiyar takararsa kuwa Mai Tambaya muka sa mata. Kullum da yamma Auta na dawowa da labarinta. Ta tambayi inda ake ajiye ambulan. Ta tambayi dalilin da ya sa ake rubuta abu kaza haka ba haka ba. Ta hau bene ba a kira ta ba ta ce aikin da aka ba ta ya yi mata yawa. Ran nan ma wai a gaban kowa ta ce wa Ta Sama, "Ban yarda da wannan ba." Baban yara ya yi dariya har da buga cinya.

"Wannan ai ta sallami kanta da kanta. Auta, kai dai ka ci gaba da ladabinka, gurbin nan naka ne."

Ni ma na yarda. Wallahi har tausayin yarinyar na ji.

A mako na biyu Ta Sama ta ba shi wata yarjejeniyar haya. Wani mai gidan burodi ne zai kama shago, ofishinsu ke tsaya masa, mai ginin kuma yana da nasa lauyan. An yi watanni ana ja-in-ja, an kusa sa hannu. Aikin Auta kawai ya shigar da 'yan gyare-gyaren da ta yi da biro a gefen takarda. Ya nuna min yadda suke yi a kwamfuta: duk kalmar da aka cire ko aka ƙara sai ta fito da ja, don ita ta gani, lauyan can ma ya gani, kowa ya san abin da aka taɓa.

To shi Auta ba ya iya ganin rubutu bai karanta shi tun daga farko ba. A wani shafi ya ga an ba mai burodi damar sauke buhunan fulawa ta ƙofar baya. Can gaba, a wani sashe da Ta Sama ta rubuta da kanta, an ce mai haya ba shi da ikon bin lungun baya ko kaɗan. Da alama daga tsohuwar yarjejeniyar wani shago ta kwafo, ta manta ba ta cire ba. In aka sa hannu a haka, ranar da aka yi saɓani mai gini zai iya rufe lungun, mai burodi ya rasa ta inda zai shigo da kaya.

Da wannan ya zo mana wurin cin abinci, ya kasa kai cokali baki.

"Ita ta rubuta?" in ji Baban yara.

"Da hannunta."

"To ka rufa wa kanka asiri. Kai ɗan mako ɗaya, ka hau bene ka ce wa mace mai furfura ta yi kuskure? A ranar za ta nuna maka hanya."

"Amma in na bar shi mai burodin zai cutu."

"Wa ya ce ka bar shi? Ka gyara mana."

"In na gyara zai fito da ja. Za ta gani, lauyan can ma zai gani, kowa ya san ta yi kuskure har ɗalibi ya kamo ta."

Suka juyo suna kallona. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. A asibiti in likita ya rubuta magani ba daidai ba ina faɗa masa, ko ya murtuke ko kada ya murtuke. Amma can rai ne, nan kuwa takarda ce da lungun baya. Ga maganar mai shawara, in ka ga abu ka faɗa. Ga kuma furfurar matar nan da na gani da idona. Na ce ya ɗan yi mata hannunka-mai-sanda. Ya ce ta yaya, shi da ko sunanta bai iya kira ba. Na ce to ya tambayi Mai Tambaya. Ya ce wato ya miƙa wa abokiyar takararsa abin da ya gano. Na ce to ni ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Ana cikin haka Mama ta kira. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, Auta ya zagaya ya kawo mata maganar, bai ambaci takarda ba. Ya ce in mutum ya ga babba ya yi kuskure a wurin aiki, yaya zai yi?

Mama ko tunani ba ta tsaya yi ba. "Haba Lauyana, wannan har sai ka tambaya? Ba a tsinka babba. Ka gyara abinka shiru, ka rufa mata asiri. Ko ba ta gani ba Allah ya gani."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ja farantinsa ya cinye abincin tas.

Da safe ya shigar da gyare-gyarenta da ja kamar yadda aka ce. Da ya zo kan lungun baya sai ya kashe jan, ya cire layin, ya daidaita sashen da na farko, ya sake kunna jan. Ta Sama ta duba wuraren da suka yi ja, ta ce ya yi kyau, ta tura wa lauyan mai gini. Ya dawo gida da fara'a, har wanke-wanke ya taya ni ba a roƙe shi ba.

Ranar ƙarshe ta gwajin na tashi aiki da wuri. Mun yi da shi zan jira shi a shagon shayin da ke kallon ofishin, in an ba shi gurbin mu wuce mu saya masa takalmin kirki, don nasa ya fara buɗe baki. Na zauna jikin gilashi ina kallon ƙofar benen. Mai Tambaya ta fara fitowa, waya a kunne, tana magana tana tsalle-tsalle a bakin titi. Na ce a raina wannan yarinya ko an kore ta sai ta yi surutu. Can sai ga Auta. Kofin shayinsa na hannunsa, ya riƙe shi ta baki kamar bai san yana riƙe da shi ba. Ina ganin kofin nan na gane bai samu ba.

Ya zauna ya ajiye shi tsakaninmu. Sannan ya fara ba ni labari.

Ashe lauyoyi ba sa yarda da ja kaɗai. Lauyan mai gini ya sa kwamfuta ta gwada sabuwar takardar da tsohuwar, ta nuno masa layin da ya ɓace ba alama. Ya kira Ta Sama ransa a ɓace, ya ce an so a zame masa da gyara ta bayan fage. Mai gini ya ce in haka ne ya fasa ba da shagon. Ta yi rabin yini a waya tana ba da haƙuri kafin suka yarda a koma teburi. Sannan ta aiko a kira Auta.

"Ta yi maka faɗa?" na tambaya.

"Ina ma ta yi. Cewa ta yi in zauna. Ta ce wa ya taɓa sashen lungun baya? Na ce ni ne. Ta ce wa ya sa ni? Na ce babu kowa. Sai ta ce gyaran daidai ne, kuskuren nata ne, lauyoyi uku sun karanta takardar nan babu wanda ya gani sai ni."

"To alhamdu lillahi! Sai me?"

"Sai ta ce me ya sa na kashe jan."

"Ka ce me?"

"Na sunkuyar da kai. Ta ce tana jira. Na ce don kada ta ji kunya."

Ya ce matar ta cire gilashinta ta zuba masa ido, kuma ya rantse ita ma ta rikice kamar yadda ya rikice. Ta maimaita kalmar, kunya, kamar tana ɗanɗana ta. Ta ce ai ita kowane mako sai ta yi kuskure, don haka ma take ɗaukar mutane su karanta bayanta. Ta ce kunyar da ta sha yau ba ta taɓa shan irinta ba, mutumin da suka tsufa tare a aikin nan ya kira yana tambayarta ko ta koma zamba. Ta ce duk takardar da ta fita daga ofishin da sunanta take fita, dole ta san kowane layi da ke ciki. Da ya hawo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa mata, da yau ba ta da abin tunani, shi za ta ɗauka.

"Na ba ta haƙuri, Yaya. Ta ce ta san ba da mugun nufi na yi ba. Amma wai shekara biyu za ta yi tana shaidar aikina, kuma ba za ta iya sa hannu a kan aikin wanda yake tausaya mata a ɓoye ba."

"Ita Mai Tambaya da aka ɗauka ta ga kuskuren?"

"Ba ta ma karanta shafin ba."

Raina ya ɓaci. Wanda ya gani an sallame shi, wadda ba ta gani ba an ɗauke ta. Wanda ya girmama matar an ce ya cuce ta, wadda ta yi ta musu da ita ta zama 'yar gida. Na so in hau benen nan in faɗa wa Ta Sama irin tarbiyyar da aka ba yaron nan. Amma ina tsara maganar a raina sai na ji muryar mai gini yana cewa ya fasa, na tuna mai burodi da buhunan fulawarsa, maganar ta watse min. Na rasa wanda zan ji wa haushi. Muka hau bas muka wuce shagon takalma ba wanda ya kalle shi.

Baban yara da ya ji, sai ya hau sosa ƙeya. "Ikon Allah. To wai su me suke so ne?" Mai shawara ya turo wa Auta sunan wasu ƙananan ofisoshi biyu a bayan gari, ya ce bai tabbata suna iya tsaya wa baƙo ba, amma a gwada, lokaci ya ƙure.

Ranar hutu Mama ta kira ta bidiyo. Mun jingina wayar da gwangwanin sukari, muka zauna gabanta mu biyu. Ta sha ɗauri, fuskarta cike da fara'a, ta ce mu tsaya ta nuna mana wani abu. Ta ɓace daga hoton, muna jin ƙarar jan kujera, sai ga ta ta dawo rungume da wani ƙaton firam na katako mai ruwan zinari a gefe. Babu komai a cikinsa, ta tsakiyarsa muke hango fuskarta.

"Kafinta ya kawo jiya. Na ce ya yi shi da tsawo saboda hular ta samu wuri. To Lauyana, yaya aka ƙare da mutanen? Yaushe za a ɗora maka?"

Na taɓa ƙafar Auta ta ƙarƙashin tebur. Nufina ya ce ana nan ana jira, ko ya ce layin ba kyau, mu samu mu shirya yadda za a lallaɓa ta. Ya janye ƙafarsa.

"Mama, ban samu ba. Wata aka ɗauka."

"Innalillahi. To Allah ya sa haka ne mafi alheri, wani zai zo."

"Akwai kuma wata magana." Wannan karon bai sunkuyar da kai ba. "Abin da kike faɗa game da hular nan ba haka ba ne. Ba zan sa ta ba. Ko na gama komai lafiya, irin lauyan da nake karanta ba ya sa hula, ba ya tsayawa gaban alƙali. A ofis yake aiki."

Mama ta tsaya cak a cikin firam ɗin. Na ɗauka layi ne ya yanke, har na kai hannu zan taɓa wayar, sai na ga ta ƙifta ido.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekarar farko."

"Ke fa, babba?"

"Ban daɗe da ji ba, Mama."

"Amma kin ji." Ta sauke firam ɗin a hankali ta jingina shi da kujera. "Shekara uku ina bin gidaje ina cewa ɗana zai tsaya gaban alƙali. 'Yar maƙwabciyata da ta yi irin karatun nan ta taɓa ce min, Mama, anya ba na ofis yake yi ba? Na ƙaryata ta a gaban uwarta, na ce baƙin ciki ne. Kana ji ina faɗa a waya kullum, kana cewa to. Me ya hana ka faɗa min?"

Auta ya dube ni. Na san amsar, shi ma ya san ya riga ya ba da ita sau ɗaya a makon nan.

"Don kada ki ji kunya, Mama."

"To yanzu me nake ji?"

Ina jin ƙarar agogon bangonta ta cikin wayar. Tausayinta ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan fara kallo. Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta daɗe tana kallon gefe. Ban sani ba ko ta tuna shawarar da ta ba shi ran nan, ba ta ce ba, mu ma ba mu ce ba. Can ta jawo kujera ta zauna, ta matso da fuskarta har goshinta ya cika wayar.

"To faɗa min daga farko. A hankali, yadda zan gane. Wane irin lauya ne za ka zama, kuma me ya rage?"

Auta ya jawo wata tsohuwar ambulan ya juya bayanta, ya fara zana kibiyoyin nan yana ɗaga mata. Ya ce akwai jarrabawa biyu, akwai shekara biyu a ƙarƙashin wani lauya, akwai ofisoshi biyu da zai je gobe, kuma in ba su ɗauke shi ba kafin izininsa ya ƙare, gida zai dawo. Mama tana gyaɗa kai. Ni ma na matso, don har yanzu akwai kibiyar da ban san inda ta nufa ba.

"Na gane," in ji Mama. "Wato in ka yi shekara biyun nan, sai alƙali ya kira ka ya..."

"A'a, Mama," in ji Auta. "Ba haka ba ne."

Ta dube shi. Sannan ta gyara zama ta ce, "To sake faɗa."